Goro da Gahawa: Yadda Masana Ke Auna Tsammanin Mai Sha

Sanin kowa ne cewa da jarrabawa ta gabato, ɗalibai da dama kan koma ga goro ko shayi mai kauri ko gahawa domin korar barci. Duka ukun suna ɗauke da sinadarin kafeyin, wanda wani masani Bajamushe, Friedlieb Runge, ya fara tacewa daga 'ya'yan gahawa a shekarar 1819. Aikinsa a ƙwaƙwalwa shi ne toshe gurbin adenosin, wato sinadarin da ke taruwa muddin mutum yana farke har ya sa shi gyangyaɗi.

Abin tambaya a nan shi ne: wartsakewar da mai sha yake ji, nawa ne aikin sinadarin, nawa ne kuma na abin da ya riga ya sa a ransa? A 1992, Fillmore da Vogel-Sprott na Jami'ar Waterloo a Kanada sun shayar da mutane gahawar da aka cire wa kafeyin, ba da saninsu ba. Aka shaida wa wasu cewa za ta ƙara musu ƙwarewa a wani aikin hannu, wasu kuwa aka ce za ta rage musu. Sai ga shi na farkon sun fi na biyun ƙwazo, alhali abin da suka sha ɗaya ne.

Tun da tsammani yana da irin wannan tasiri, tilas ne a iya auna shi. A 2012, Huntley da Juliano a Amurka suka fitar da takardar tambayoyi mai jimloli 47. Mai amsawa yakan nuna gwargwadon yardarsa da kowace jimla a kan ma'auni mai mataki shida. Amsoshin sun rarrabu gida bakwai, daga ciki akwai tsammanin ƙarin kuzari, da danne yunwa, da fargaba, da hana barci, da kuma wahalar da kan biyo bayan dainawa.

Sai dai wajibi ne ɗalibi ya lura: takardar tana auna abin da mutum ya gaskata ne, ba abin da ke gudana a jininsa ba. Wanda ya rantse cewa goro ba ya hana shi barci, idan ya ci shi da magariba, kimanin rabin kafeyin ɗin yana nan a jikinsa bayan sa'o'i biyar.