Yadda ake aika umarni daga Python ba tare da hamza ta ɓata aiki ba

Idan lokacin rajistar manoman rani ya zo a Kura da Bunkure, hotunan gonakin shinkafa da tumatir da ke shan ruwan Tiga sukan cika kwamfutar ƙungiyar manoma maƙil. Sai a rage musu nauyi kafin a tura, don data ba ta da arha. Galibi wani matashi da ya taɓa Python ake jingina wa aikin, ladansa kuwa "Allah ya yi albarka".

Farkon aikin ba wuya: ka sa ImageMagick, manhajar da za ta rage nauyin hotunan, ka rubuta abin da zai bi folda yana ɗauko hotuna ɗaya bayan ɗaya.

Wajen miƙa sunan fayil ne ake zubar da garin. Sabon hannu yakan jera umarnin duka a layi guda, ya miƙa wa os.system. Shi kuwa shel, mai karɓar umarnin, duk inda ya ga tazara sai ya yanka. Hoton "gonar Audu.jpg" ya zama abu biyu ke nan. Sai yaro ya killace sunan da alamar zance mai ƙwaya ɗaya, ya ga ya yi. To, alamar nan da hamzarmu maɓalli ɗaya ne. Ranar da aka iso gonar Sa'idu ko Rabi'u, hamza ta rufe zancen a tsakiyar suna, shel ya ƙi karɓa. Wannan ma da sauƙi. Sunan da wani mugu ya cusa wa umarnin gogewa zai iya share folda sukutum.

Gwani ba ya bi ta shel. Yakan kira subprocess.run, ya ba shi jeri: sunan manhaja daban, kowane zaɓi daban, sunan fayil daban, kuma ba ya kunna shell=True. Haka sunan zai isa yadda aka rubuta shi.

In dole sai an bi ta shel, ka ratsa kowane suna ta shlex.quote, wanda ke nan tun Python 3.3 na 2012. Zai mayar da Sa'idu 'Sa'"'"'idu'. Muni gare shi, amma kada ka gyara da hannu. Sai dai shlex.quote na Linux ne da danginsa, ba ya kare ka a cmd na Windows.

Kafin ka saki aikin a kan hotunan jama'a, gwada shi da suna mai hamza, da mai tazara, a foldar da ka kwafa.