Amsar Tambaya: Hutun Ango a Zanzibar

Tambaya: Ni da amaryata za mu je Zanzibar. Wane bakin teku ya fi?

Amsa: Ango, Allah ya sanya alheri. In wanka a teku kuke so, ku nufi arewa, Nungwi ko Kendwa, don can ruwa ba ya janyewa sosai. A Paje da Jambiani kuwa, teku kan ja da baya nesa, ya bar farin yashi da mata suna girbin ciyawar ruwa. Kyau kam akwai, amma a sa takalmi, ƙasan akwai ƙaya. Maris zuwa Mayu ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, ku kauce masa. Galibin mutanen Musulmi ne, abinci ba matsala. Kada ku bar katin rigakafin cutar shawara a gida.