BABI NA TARA: HARSHEN GIRKI, MISALI DAGA TALIYA DA MIYAR TUMATIR DA KIFI A KARAYE DA ROGO

9.0 Gabatarwa

Abinci yana daga cikin sassan al'ada masu saurin karɓar baƙin abubuwa, kuma duk baƙon da ya shiga tukunya sai ya shiga harshe. Wannan babi ya ɗauki girki guda, wato taliya da miyar tumatir da kifi, domin nuna yadda Hausa take aro sunayen kayan girki daga wasu harsuna, amma ta riƙe aikatanta na asali. A ƙarshen babin ana sa ran ɗalibi zai iya:

(i) bayyana asalin wasu kalmomin girki;
(ii) nuna yadda Hausa take daidaita baƙuwar kalma;
(iii) rubuta bayanin girki cikin daidaitacciyar Hausa.

9.1 Muhallin Girkin

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani girkin gaggawa da ma'aikata kan yi da dare bayan an tashi daga aiki: taliya da miyar tumatir wadda aka kaurara da maiƙon madara, aka sa mata kifin salmon. Shi wannan kifi na ruwan sanyi ne. Ana ƙyanƙyasar sa a kogi, ya gangara teku ya girma, sa'annan ya komo kogi ya yi ƙwai. Norway ce kan gaba wajen kiwonsa a duniya, kuma ba a samun sa a kogunan Nijeriya.

Amma buƙatar da ta haifar da girkin tana nan a ƙasar Hausa. Abincin dare na gargajiya shi ne tuwo da miya, kuma kafin tuwo ya sauka akwai surfe da niƙa da tankaɗe da talge da tuƙi. Malamar makaranta ko ma'aikaciyar asibiti da ta dawo gida da la'asar sakaliya, ko ɗalibin da ke dafa wa kansa, ba kullum suke da wannan sarari ba. Nan taliya ta sami gurbi, domin cikin rabin sa'a an sauke.

Ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, waɗanda ke yammacin Jihar Kano, kuma dokar 2024 ta haɗa su a ƙarƙashin Masarautar Karaye, suna da kusan duk abin da girkin ke bukata. Madatsar ruwa ta Calawa, wadda aka kammala a 1992 a ƙasar Karaye, tana samar da kifi irin su tarwaɗa da karfasa. Masu noman rani suna fitar da tumatir da tattasai da albasa, Fulani kuma suna kawo madara da nono. Idan ɗanyen tumatir ya yi wuya, kamar yadda ya faru a 2016 lokacin da tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki a Kano da maƙwabtanta, sai a koma ga kauɗa ko tumatirin gwangwani.

9.2 Asalin Sunayen Kayan Girkin

Taliya. Mutane da yawa suna zaton daga sunan ƙasar Italiya aka samo ta, saboda kamancin furuci. Wasu kuwa suna danganta ta da kalmar Larabci iɗriya. Masanin labarin ƙasa Al-Idrisi, a littafin da ya kammala a 1154, ya ambaci wannan abinci ana yin sa a garin Tarabiya na tsibirin Sisili, ana fitar da shi zuwa ƙasashe. Wannan ya dace da daɗaɗɗiyar hulɗar Kano da Larabawan Arewacin Afirka, waɗanda ake danganta abincin alkama irin su gurasa da su. A yau ana bambanta taliya 'yar murji, wadda mata ke murzawa da ɗan injin hannu su shanya a kan igiya, da taliyar leda ta masana'anta.

Tumatir. Asalin tsiron Kudancin Amurka ne, sunansa kuma daga harshen Nahuwatil na ƙasar Meziko ya fito. Sifaniyawa ne suka kai tsiron da sunan Turai, daga can suka bazu a duniya.

Sauran. Albasa da alkama daga Larabci suke. Fulawa da inji da kananzir daga Ingilishi. Risho daga Faransanci, cokali daga harshen Buzaye, magi kuwa sunan kamfani ne, wato Maggi, ya zama sunan kowane dunƙulen ɗanɗano. Kalmomi irin su kifi da mai da gishiri da ruwa da wuta da tukunya na gida ne.

9.3 Yadda Hausa Take Daidaita Baƙuwar Kalma

Na farko, gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, don haka ake cusa wasali a tsakaninsu, kamar yadda aka yi a fulawa. Na biyu, yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, shi ya sa aka sami inji da albasa, ko da yake tumatir da kananzir sun tsaya da baƙi. Na uku, Bahaushe ya ɗauki ɗafin Larabci al- a matsayin ɓangaren kalma, sai aka sami albasa da alkama. Na huɗu, kowace baƙuwar kalma sai an ba ta jinsi. Mai ƙarewa da -a galibi ta mata ce, saura na maza:

Taliya ta dahu.
Albasa ta yi tsada.
Tumatir ya nuna.
Risho ya mutu.

9.4 Matanin Misali

Ga bayanin girkin na mutum huɗu ko biyar. Zuba madara a miya sabon abu ne da ya zo da girke-girken zamani, kuma ana iya barin ta.

Kayan haɗi: taliya leda 1 mai giram 500, tarwaɗa matsakaiciya 1, tumatir 6, tattasai 2, attarugu 2, albasa 1, man gyaɗa ludayi 1, madarar gwangwani rabi, tafarnuwa, citta, gishiri da magi.

1. A wanke tarwaɗa da ruwan zafi da lemon tsami har yauƙi ya fita, a yanka gunduwa-gunduwa.
2. A sulala ta da albasa da citta da ɗan gishiri, a tsame, a cire ƙaya, a ajiye romon.
3. A ɗora ruwa a wata tukunya. In ya tafasa a zuba taliya da gishiri. Ta leda takan ɗauki kamar minti 10, 'yar murji ba ta kai haka ba. A tace ta tsane.
4. A jajjaga tumatir da tattasai da attarugu da tafarnuwa, a soya cikin mai har tsami ya mutu, mai ya taso.
5. A zuba romo kaɗan da magi, a sa kifi, a rage wuta.
6. A tsiyaya madara ana gaurayawa a hankali. Kada a bari ta tafasa, domin tsamin tumatir da zafin wuta suna sa madara ta tsinke.
7. A juye taliya cikin miya, a cuɗanya, a rufe ta turara na minti 2, a sauke.

9.5 Sharhi A Kan Matanin

Idan aka ware aikatan da ke cikin matanin za a sami: wanke, yanka, sulala, tsame, ɗora, tafasa, zuba, tace, tsane, jajjaga, soya, tsiyaya, gauraya, juye, cuɗanya, turara, sauke. Babu wanda aka aro daga Ingilishi a cikinsu, alhali sunayen kayan da yawa baƙi ne. Ba Hausa kaɗai ke da wannan hali ba. Binciken da Haspelmath da Tadmor suka shirya a 2009 a kan harsuna 41, har da Hausa, ya nuna cewa ana aron sunaye fiye da ninki biyu na yadda ake aron aikatau. Dalili shi ne sabon abu yakan zo da sunansa, amma aikin da za a yi masa tsoho ne, an riga an san shi.

Kowane aikatau kuma yana da gurbinsa. Sulala dafawa ce cikin ruwa kaɗan ba tare da soyawa ba, turara kuwa da suraci ake yi. Jajjaga ba niƙa ba ce, domin jajjage yana barin kayan miya da ɓarzo-ɓarzo. Tace aikin mai girki ne, tsane kuwa abin da ya sami taliyar ne. Haka kuma dafa da soya suna da takwarorinsu dahu da soyu, waɗanda a rabe-raben Parsons suke giredi na 7, masu nuna cewa aiki ya kammala sosai.

Ta fuskar nahawu, bayanin girki yana amfani da umurni mai "a", wanda ba ya nuna jinsi ko adadi. "A wanke" ta game kowa, ta kuma fi "ki wanke" ko "ka wanke" ladabi a rubuce. Korewarta ita ce "kada a".

9.6 Kammalawa

An ga yadda girkin da ya saba da salmon a Turai yake iya zama da tarwaɗar Calawa, da yadda kalmomi daga Larabci da Ingilishi da Faransanci suka bi ƙa'idar Hausa ta furuci da jinsi. Aron suna ba illa ba ne ga harshe. Abin lura shi ne yadda wasu matasa suka fara ajiye aikatan Hausa suna cusa na Ingilishi ta hanyar "a yi", har kalmomi irin su sulala da turara da jajjaga su narke cikin "dafa" guda ɗaya. Malamin Hausa na gobe shi ke da alhakin koyar da waɗannan bambance-bambance a aji.

Tambayoyi

1. Kawo asalin waɗannan kalmomi: taliya, albasa, risho, cokali, magi.
2. Bayyana hanyoyi huɗu da Hausa ke bi wajen daidaita baƙuwar kalma, tare da misalai.
3. Mene ne bambancin sulala da turara, da kuma jajjaga da niƙa?
4. Rubuta bayanin yadda ake dafa taliya da wake da manja, cikin umurni mai "a".