Sunan Wuri da Masu Ƙasa: Misalin Fatakwal

Mai nazarin sunayen wurare da ya shiga unguwar Hausawa a kudu, kada ya tsaya ga sunan da ya ji a bakin 'yan'uwansa. Ya tambayi masu masauki nasu sunan.

Dubi Fatakwal. Bahaushe ne ya hausantar da Port Harcourt, sunan da Gwamna Lugga ya raɗa wa garin a 1913 don girmama Lewis Harcourt. A shekarar ne Turawa suka karɓi ƙasar daga sarakunan Diobu da Okrika, amma har yau 'yan Ikwerre Iguocha suke cewa, kuma wannan sunan shaida ce ta gado.

Haka al'ummar Piscataway ta Amurka: wani rafi a Maryland ya riƙe sunansu tun kafin jihar ta amince da su a 2012.