ƘAIƘAYIN DA YA ƘI ƘAREWA

Ya kai manomin auduga, in ka komo Zongon Lome bayan an gama awo, kana ta susa, ƙananan ƙuraje sun feso maka a baya da cinya da ɗuwawu, kada ka ce zafi ne. Ƙaiƙayin da ya wuce wata guda yana da dalili. Iri biyu muka fi gani, maganinsu kuwa ba ɗaya ba ne.

Na fari ita ce ƙazuwa. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke shiga cikin fata. Dubi tsakanin yatsunka, da wuyan hannu, da ƙugu. Ta fi tsanani da dare. In iyalinka ma suna susa, to, galibi ita ce. Maganinta na shafawa ne, a kantin magani ana ce da shi benzoate de benzyle. A yi wanka, a shafa tun daga wuya har tafin ƙafa, mutanen gida duka rana ɗaya. A wanke tufafi da ruwan zafi, a shanya a rana. Susa takan ɗan ci gaba mako biyu ko fiye, wannan ba kome.

Na biyun shi ne abin tsoro. In gonarka tana kusa da kogin Oti, ko Kara, ko Mono, ka san ƙananan baƙaƙen ƙudajen nan masu cizo da rana. A ruwa mai gudu suke hayayyafa, su ke sa wa mutum tsutsa. Laluba ƙashin ƙugunka da haƙarƙari da gwiwa. In ka ji wani ƙulli mai tauri kamar gyaɗa, ba ya ciwo, nan manyan tsutsotsin ke kwance. Sukan kai shekara 15 suna zuba 'ya'ya cikin fata. 'Ya'yan nan su ke kawo ƙaiƙayin, in an daɗe ƙwauri ya yi dabbare-dabbare kamar damisa. In sun kai ga ido, sai makanta.

Daga 1974 zuwa 2002 an yi babban aikin yaƙi da ƙudan nan a Afirka ta Yamma, har da Togo. Cutar ta ragu ƙwarai, amma ba ta ƙare ba. Maganinta Mectizan, kyauta ne tun 1987. Da sanda ake auna tsawonka a ba ka ƙwayoyin. 'Ya'yan yake kashewa, ba iyayen ba, don haka kowace shekara sai ka sake sha, ko da ka ji sauƙi. Ba a ba mai ciki, ko mai ciwo mai tsanani, ko yaron da bai kai santimita 90 ba.

Abu ɗaya nake roƙonka. Kada ka shafa maganin feshin auduga a jikinka wai don ya kashe ƙwaron. Guba ce, ta fata take shiga. Na ga wanda ya yi haka, sai ɗaukarsa aka yi zuwa asibiti yana amai.

In ka je asibiti, ka gaya wa likita watan da susar ta fara, da sunan kogin da ke kusa da gonarka.