Tattalin gida: mu tsai da gurinmu tun lokacin kaka

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, maza da mata, darasinmu na wannan karo ya shafi aljihu da rumbu. Kowace shekara abu ɗaya muke gani a garuruwanmu. Da kaka, hatsi ya cika gida, kasuwa ta yi araha, ana ta biki da suna. Da damina ta tsaya, rumbu ya yi ƙasa, tiya ta yi tsada, yara suna zazzaɓi, maigida yana yawon neman bashi. Wani lokaci fari ne ya jawo haka. Amma sau da yawa rashin lissafi ne. Yanzu da muka iya karatu da rubutu, muna da makamin da za mu yi wannan lissafi da shi.

Mene ne guri?

Guri shi ne abin da mutum ya sa gaba, ya san kuɗinsa, ya san ranar da yake son cim masa. Wanda ya ce «ina son in yi arziki» fata ya yi. Wanda ya ce «ina son in sayi tunkiya kafin kaka mai zuwa» shi ne ya tsai da guri, domin yana iya ƙirga abin da ya rage masa.

Guri iri uku ne. Akwai na kusa, kamar cimakar gida da kuɗin magani. Akwai na tsakiya, kamar sayen akuya, taki ko kayan ɗan makaranta. Akwai na nesa, kamar amalanke, rijiyar noman rani ko ginin ɗaki. Na kusa shi ke zuwa farko. Ba a sayen amalanke alhali rumbu ba zai kai iyali kaka ba.

Mataki na farko: mu auna rumbu

Kafin mu sayar da ko tiya ɗaya, mu san abin da gidanmu ke ci. Dami ya bambanta daga gari zuwa gari, saboda haka mu sussuke dami ɗaya, mu auna tiya nawa ya bayar, sannan mu ƙirga sauran dammuna. Buhun hatsi mai kilo 100 yana ɗaukar wajen tiya 40.

Ga misali. Wani gida yana da mutum 8, suna cin tiya 2 kowace rana. A wata ɗaya sun ci tiya 60, wato buhu ɗaya da rabi. A wata 12 sun ci buhu 18. A ce maigidan ya samu buhu 20 a gonarsa. Ya fitar da zakka buhu 2, saura 18. Bai ma cire iri ba tukuna. Wanda ya leƙa rumbunsa zai ce ya samu albarka, kuma gaskiya ne. Amma lissafi ya nuna ba ya da hatsin sayarwa ko kaɗan. In ya sayar da buhu 3 don hidimar biki, ya sayar da abincin wata 2 ke nan. Waɗannan watanni su ne Agusta da Satumba, lokacin da aikin gona ya fi yawa, hatsi kuma ya fi tsada. Abin da ya sayar da araha, shi zai koma ya saya da tsada.

Jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa sun ga haka da idonsu a shekarar 2005. Bayan ƙarancin ruwa da farin dango na 2004, farashin hatsi ya tashi ƙwarai. Akwai hatsi a wasu kasuwanni, amma talaka ba ya da abin saye. Gidaje da yawa sun sayar da bisashensu da kuɗi kaɗan don su ci.

Saboda haka gurin farko na kowane gida shi ne hatsin da zai kai iyali har sabon hatsi ya fito. In lissafi ya nuna ba zai kai ba, mu sayi cikon tun da kaka, lokacin da tiya ke da sauƙi. Kuɗin hidima kuwa mu neme shi daga wake, gujiya, riɗi, harawa ko sana'ar hannu.

Mataki na biyu: mu rubuta shiga da fita

Mu samu ƙaramin littafi. Mu raba shafi biyu. A dama mu rubuta abin da ya shigo, a hagu abin da ya fita. Mu rubuta kome, har da goro, shayi, sukari da kuɗin kira na wayar salula. Bayan wata ɗaya mu tara mu gani.

Ƙananan abubuwa su ke cinye kuɗi ba a sani ba. Wanda ke kashe dala 20 (100 F) kowace rana, a shekara ya kashe 36.500 F, wato fiye da jika 36. Ba muna cewa a daina shan shayi da abokai ba. Muna cewa mutum ya san abin da shayin ke ci masa, sannan ya zaɓa da kansa.

Mataki na uku: mu ware kuɗin lafiya

Ciwo ba ya yin sallama. Zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa da damina da farkon kaka, daidai lokacin da aljihu ya bushe. Uba ya ga ɗansa da zafin jiki, amma ya ce a jira ranar kasuwa ya sayar da kaza. Kwana biyu ko uku na jira suna iya kai ƙaramin yaro ga suma ko ƙarancin jini. Abin da magani kaɗan zai warkar sai ya koma jinya a babbar asibiti.

A shekarar 2006 gwamnati ta tsai da shawarar kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon mata masu ciki kyauta. Duk da haka akwai kuɗin mota ko na amalanke, akwai abincin mai jinya, akwai maganin da za a ce a saya waje. Don haka kowane gida ya ajiye wani abu da sunan lafiya, wanda ba a taɓa shi don biki ko don tufafi. Maigida da uwargida duka su san inda yake, domin ciwo yana iya zuwa ranar da maigida ba ya gari.

Rigakafi kuma tanadi ne. Kwana cikin gidan sauro, kai yara allurar rigakafi, karɓar maganin kariya daga zazzaɓi da ake raba wa ƙananan yara wata-wata da damina, wanke hannu da sabulu, shayar da jariri nonon uwa zalla har wata 6: duk waɗannan suna rage kuɗin da za a kai gidan likita.

Mataki na huɗu: ina za mu ajiye?

Kuɗin da ke cikin aljihu ba ya daɗewa. Kuɗin da aka binne cikin tulu kuwa gara na iya ci, ɓarawo na iya ɗauka, darajarsa na iya raguwa. Manya suna tuna watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, kayan kanti suka yi tsada. Saboda haka kada mu tara ajiyarmu wuri ɗaya. Ga wasu hanyoyi da aka jarraba a ƙasarmu.

1. Asusun ƙungiya. A shekarar 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi. Mata suna haɗuwa kowane mako, kowace ta zuba abin da aka yarda a kai, a sa cikin akwati mai kulle. Mai bukata ta karɓi rance ta yi sana'a, ta biya da ƙari kaɗan. In lokaci ya cika a raba. Wannan dubara ta fito daga ƙasarmu, ta bazu zuwa ƙasashe da yawa. Mace mai zuba dala 100 (500 F) kowane mako, a mako 52 ta tara jika 26. In gurinta akuya ce, a ce kuɗinta jika 20, mako 40 ya ishe ta.

2. Kiwo. Akuya da tunkiya ajiya ce mai haihuwa. Kiwon turka yana ba da riba in an tanadi harawa, dusa da kara tun da kaka, an kuma yi wa dabba rigakafi. Wanda ya sayi rago ba tare da tanadin abincinsa ba, ribarsa a kasuwar harawa za ta ƙare.

3. Bankin hatsi. Jama'ar gari su sayi hatsi da kaka, su ajiye, su sayar wa junansu da sauƙi lokacin ƙunci. Ƙarfinsa yana ga amanar masu riƙon makulli da littafi.

4. Jinginar amfanin gona. Manoma su tara buhunansu cikin ma'ajiyar ƙungiya, a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya hannun ƙungiya, ɗaya hannun asusun bashi. A ba kowa rance bisa wani kashi na darajar buhunansa, ya yi sana'ar rani. In ya biya, ya karɓi kayansa lokacin da farashi ya tashi. Amma mu sani akwai shekarar da farashi ba ya tashi sosai, kuma akwai ruwan bashi da kuɗin ajiya. Sai a yi lissafi kafin a shiga.

Wake kuwa, in ana son a jira farashi, a shanya shi ya bushe sarai, a zuba cikin buhu mai ruɓi uku a ɗaure kowane ruɓi da kyau. Iska ba ta shiga, ƙwari su mutu, ba sai an sa maganin ƙwari cikin abincin mutane ba.

Bashin da ya kamata mu guje masa shi ne na cin hatsi tun yana gona. Mutum ya karɓi kuɗi kaɗan da damina, ya biya da buhuna da kaka. Wanda ya shiga wannan, shekara mai zuwa rumbunsa da giɓi zai fara.

Neman kuɗi da haƙƙin iyali

Don iyali muke nema. In nema ya rushe iyali, wahalar banza aka yi. Nan ne ake bukatar awo.

Cin rani yana taimakon gidaje da yawa. Matasa da magidanta suna zuwa Yamai, Nijeriya, Abijan, Libiya ko Aljeriya. Amma kafin tafiya, maigida ya zauna da iyalinsa. A san hatsin da aka bari da kwanakin da zai yi. A san wanda zai kai yaro likita in ya kamu da ciwo. A san abin da aka tafi nema da ranar komowa. Wanda ya komo bayan ruwan shuka ya wuce, abin da ya samo ba lalle ya biya asarar gonarsa ba. Wanda kuma ya samu hanyar noman rani kusa da gida, kamar masu albasa na Galmi, ya gwada ribar zama da ribar tafiya kafin ya ɗauki jaka.

Mu dubi aikin mata. Mace ta tashi tun asuba, ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta nemo itace, ta yi aikin gandu, ta koma gamanarta, ta yi sana'ar tuya, ga goyo a baya. In aka ƙara mata wani aikin neman kuɗi ba a rage mata kome ba, lafiyarta da ta jaririnta za su biya. Wani lokaci kuɗin niƙa a inji ko amalanken ɗibar ruwa ya fi sabon zane amfani, domin lokaci yake saya mata. Mace mai ciki kuma a sauƙaƙa mata aiki mai nauyi, a bar ta ta je awo.

Mu dubi yara. Cire yaro daga makaranta don talla ko kiwo yana kawo dala kaɗan yau, ya rufe masa ƙofa gobe. Mu da muka koyi karatu da girma mun san abin da muka rasa. Kayan makaranta suna zuwa a watan Oktoba kowace shekara, ba su zuwa ba zato, saboda haka muna iya shirya musu.

Biki da suna zumunci ne, ba mu ce a bar su ba. Amma a yi su daidai ƙarfi. Baƙi za su ci su watse, mai gida shi kaɗai zai kwana da bashi.

Abin da ya fi kome shi ne shawara. A gidajenmu miji yana da aljihunsa, mata tana da nata, kuma wannan ba laifi ba ne. Amma su zauna sau biyu a shekara, da kaka da kuma bazara, su yi magana a fili: wa zai ɗauki cimaka, wa zai ɗauki cefane, wa zai riƙe kuɗin lafiya, me za a sa gaba bana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In shekara ta zo da fari ko rashin lafiya, guri bai cika ba, kada a yi fushi a yar da littafi. A rage gurin, a ƙara masa lokaci, a ci gaba.

Aikin da za mu yi a ajinmu

1. Mutum nawa ke ci a gidanka? Tiya nawa kuke ci a rana, nawa a wata?
2. Hatsin da ke rumbunka zai kai ku wane wata?
3. Rubuta guri ɗaya na bana, da kuɗinsa, da watan da kake son cika shi.
4. Nawa za ka ajiye kowace ranar kasuwa don ka kai gare shi?
5. In yaro ya kamu da zazzaɓi cikin dare, ina kuɗin kai shi likita, kuma wa ya san inda yake?

Kowa ya amsa cikin littafinsa, ya karanta wa mutanen gidansa waɗanda ba su iya karatu ba, sannan ya kawo amsarsa a tattauna a zama na gaba. Allah ya ba mu damina mai albarka da lafiyar cin amfaninta.