Gwajin Jini Bayan An Fara Maganin Testosteron: Shawarwari Ga Maigida Da Iyalinsa

Magidancin da likita ya ɗora a kan testosteron, wato sinadarin nan na mazantaka da maraina ke samarwa, yakan ga sauyi cikin makonni kaɗan: kasala ta ragu, sha'awa ta dawo, fuska ta saki. A nan ne sakaci yake shigowa. Mutum sai ya ɗauka tunda jiki ya yi daɗi, zancen asibiti ya ƙare. Alhali abin da maganin yake yi wa jini ba a jin sa a jiki sai ya yi nisa, takardar gwaji ce kawai take tona shi da wuri.

1. A adana sakamakon farko. Kafin a fara maganin, ya kamata a ce an auna testosteron da safe, kafin a karya, sau biyu a ranaku daban-daban, tare da PCV (ma'aunin yawan jajayen ƙwayoyin jini) da PSA (gwajin furostat). Da waɗannan lambobi za a riƙa kwatanta duk gwajin da zai biyo baya. A ɗauki hotonsu a waya, a kuma ba uwargida takardun ta ajiye, domin a gidaje da yawa ita ce ba ta ɓatar da takarda. Wanda kuwa ya fara karɓar allurar Sustanon a kemis bisa shawarar aboki, ba tare da gwaji ba, ya faɗa wa likita gaskiya. Ɓoyewa ba ta sauya abin da ke cikin jini, sai dai ta sa a yi wa sakamakon mummunar fassara.

2. Gwaji na farko bayan farawa yakan zo tsakanin wata 3 zuwa 6, daga nan sau ɗaya a shekara idan komai ya daidaita. Haka ƙungiyar likitocin sinadaran jiki ta Amurka, Endocrine Society, ta tsara a jagorarta ta 2018. Duk lokacin da aka ƙara ko aka rage magani, lissafi ya koma farko.

3. Ranar ɗibar jini ba ranar da aka ga dama ba ce. Wannan shi ne kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane a banza. Allurar testosteron tana tashi sama a kwanakin farko, sannan ta yi ta sauka har zuwa allura ta gaba. Wanda aka ɗebi jininsa kwana biyu bayan allura zai ga lamba mai ban tsoro, wanda ya makara da allura kuma zai ga kamar maganin bai yi komai ba, kuma dukansu biyu takarda ta yaudare su. Ga mai karɓar allurar testosteron nau'in enantet ko sifiyonet, akan auna a tsakiyar tazarar allura biyu, ko dab da allura ta gaba, gwargwadon yadda likita ya zaɓa. Ga mai allurar Nebido, wadda ake yi duk mako 10 zuwa 14, ana ɗibar jini kafin a yi ta gaba. Mai amfani da man testosteron na shafawa kuwa sai ya yi aƙalla mako guda yana shafawa, a ɗebi jini awa 2 zuwa 8 bayan ya shafa, kuma kada man ya taɓa wurin da za a soka allurar ɗibar jini, don yana iya sa lamba ta haura ta ƙarya. A rubuta ranar allurar ƙarshe a bayan takardar gwaji. Abin da ake nema shi ne tsakiyar ma'aunin lafiyayyu, ba ƙololuwa ba.

4. A sa wa PCV ido fiye da komai. Mun saba jin PCV a bakin likita idan ana zancen ƙarancin jini, musamman ga masu juna biyu, har ya zama a kunnenmu yawan jini alheri ne. A nan abin ya juya. Testosteron yana zuga ɓargo ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini, jini ya yi kauri, kaurin kuma yana iya buɗe ƙofar daskarewar jini a jijiya. Idan PCV ya wuce kashi 54 cikin 100, likita yakan dakatar da maganin ko ya rage shi, wani lokaci har a ɗebe jini a rage. Allura ta fi man shafawa jawo wannan, kuma dattawa sun fi matasa faɗawa. Shan taba da minsharin da numfashi ke ɗaukewa a cikin barci suna ƙara tura lambar sama. Uwargida ce take jin wannan minshari, don haka ta faɗa. Ƙishirwa ma tana ɗaga PCV, saboda haka gwajin da aka yi da la'asar cikin azumin bazara ba lallai ya faɗi gaskiya ba. A sha ruwa sosai kafin a je, ko a tsara ranar da likita.

5. PSA gwajin furostat ne, ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Baƙar fata suna cikin waɗanda sankarar furostat ta fi kamawa, shi ya sa ake fara tattauna gwajin da su tun daga shekara 40. Idan lambar ta ƙaru da fiye da 1.4 cikin shekarar farko, ko ta wuce 4, sai a ga likitan mafitsara. Ciwon sanyin fitsari da saduwa dab da gwaji suna iya ɗaga ta, maganin finasterid kuma yana rage ta kusan rabi, don haka a ambaci duk abin da ake sha.

6. Mai neman haihuwa ya yi magana tun wuri. Testosteron na waje yana sa ƙwaƙwalwa ta daina aika saƙon sinadaran LH da FSH zuwa maraina, sai ƙwayoyin maniyyi su ragu, wani lokaci su ɗauke gaba ɗaya, ko da kuwa ƙarfin namiji ya ƙaru. Magidanci mai shirin ƙara aure ko mai amarya a ɗaki ya nemi gwajin maniyyi. Farfaɗowa bayan an daina tana ɗaukar watanni.

7. A tsaya a ɗakin gwaji ɗaya, a kuma duba ma'auni. Wani wuri yana rubuta testosteron da ng/dL, wani da nmol/L. 300 a na farko kusan 10.4 ne a na biyu. Ƙwayoyin biyotin da ake sha don gashi suna rikita wasu na'urori, a tambaya ko za a dakatar da su kwanaki kaɗan kafin gwaji.

8. Akwai abubuwan da ba sa jiran ranar gwaji. Binciken TRAVERSE da aka fitar a 2023, kan maza sama da 5,000, bai nuna ƙaruwar bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, amma ya nuna ƙarin rikicewar bugawar zuciya da gudan jini a huhu. Kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, ko nauyin harshe, asibiti ake nufa a take, ko da tsakar dare ne. Maganin yana iya ɗaga hawan jini kuma, don haka a riƙa aunawa a gida ana rubutawa a littafi tare da ranar allura, a tafi da shi duk ranar ganin likita.